Yadda Haikalin Buddha Ya Zama "Coci" a San Faransisko

Duk baƙon da ya bi ta titin Pine a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, idan ya iso lamba 1881, zai tarar da wani gini mai suna mai rikitarwa, wato Buddhist Church of San Francisco, ma'ana Cocin Buddha na San Faransisko. In ya leƙa ciki zai ga dogayen bencina a jere kamar na majami'a, amma a gaba mutum-mutumin Buddha ne a tsaye cikin adon zinariya, ga turaren wuta yana tashi. Me ya haɗa Buddha da coci? Amsar wannan tambaya ita ce tarihin jama'ar da suka gina wurin, da irin wuyar da suka sha kafin su tsira da addininsu a ƙasar da ba ta yi maraba da su ba.

Mafarin al'amarin yana can ƙasar Japan. Bayan juyin mulkin Meiji na 1868, sabuwar gwamnati ta ɗora wa manoma harajin ƙasa wanda sai da tsabar kuɗi ake biyansa, abin da ya jefa da yawansu cikin bashi. Daga 1885 aka fara kwasar 'yan ƙwadago zuwa gonakin rake na tsibiran Hawai, daga can kuma wasu suka zarce Kalifoniya, inda suka shiga aikin gona da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da barantaka a gidajen Turawa. Akasarinsu daga yankunan Hiroshima da Yamaguchi da Kumamoto da Fukuoka suka fito, waɗanda kuwa nan ne ɗariƙar Jodo Shinshu ta fi ƙarfi. Wannan ɗariƙa wani malami ne mai suna Shinran, wanda ya rayu daga 1173 zuwa 1263, ya kafa ta. Koyarwarsa ita ce, mutum ba ya samun tsira da ƙoƙarin kansa, sai ta dogara ga alkawarin Buddha Amida da ambaton sunansa cikin godiya. Shinran kansa ya yi aure ya haifi 'ya'ya, don haka malaman ɗariƙarsa ba masu ƙaurace wa duniya ba ne, magidanta ne da ke zaune cikin jama'a. Wannan ya yi musu rana ƙwarai a baƙuwar ƙasa.

Samarin da suka isa San Faransisko sun tarar 'yan mishan sun riga su shiri. Tun 1877 akwai ƙungiyar Kirista ta Japanawa a birnin, inda ake koyar da Turanci, a ba baƙo wurin kwana, a nema masa aiki. Wanda ya tsaya a kan addinin iyayensa kuwa, in ya mutu babu mai yi masa jana'iza yadda aka saba a gida. Wannan batu na gawa ya fi komai damun su, domin a al'adar Japan haƙƙin mamaci ba ya ƙarewa ranar binne shi. Akwai addu'o'in kwana bakwai-bakwai har zuwa kwana na 49, sannan na shekara-shekara. Saboda haka suka kai kuka babban haikalin Nishi Hongwanji da ke Kiyoto. A 1898 aka turo malamai biyu, Eryu Honda da Ejun Miyamoto, su duba halin da ake ciki, a lokacin ne kuma aka kafa ƙungiyar samari mabiya Buddha a birnin. A watan Satumba na 1899 sai ga Shuye Sonoda da Kakuryo Nishijima sun iso da niyyar zama. Kafin shekaru goma su cika, rassa sun bazu zuwa garuruwan noma irin su Sakramento da Fresno, har zuwa Siyatil a arewa.

Zaman bai zo da sauƙi ba. A 1906, watanni kaɗan bayan babbar girgizar ƙasar da ta rusa birnin, hukumar ilmi ta San Faransisko ta ba da umarnin ware yaran Japanawa daga makarantun Turawa. A 1913 jihar Kalifoniya ta hana baƙin da ba su cancanci zama 'yan ƙasa ba mallakar gona, kowa kuwa ya san da wa ake. A 1922 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Takao Ozawa, cewa haifaffen Japan ba zai zama ɗan Amurka ba, sannan dokar 1924 ta rufe ƙofar shigowa gaba ɗaya. Sai dai kafin a rufe, dubban mata sun riga sun shigo, da yawansu amaren da aka ɗaura wa aure da mazan da hotonsu kawai suka gani. Da zuwan mata da haihuwar yara, haikali ya tashi daga matattarar gwauraye ya koma cibiyar iyali.

A nan ne ya kamata mu dakata mu dubi abin da ake yi a wurin, domin ibada kashi ɗaya ce kawai daga cikin ayyukansa. Da yamma, in yara sun taso daga makarantar gwamnati, sai su wuce ajin koyon harshen Japan. Ƙungiyar mata, wadda ake kira Fujinkai, ita ke dafa abincin taro, ta duba marasa lafiya, ta tsaya wa gidan da aka yi rasuwa, kuma a haƙiƙa ita ce ginshiƙin tara kuɗin da ke riƙe da wurin, ko da yake sunayen maza ne suka cika kundin shugabanni. Samari suna da ƙungiyoyin wasan ƙwallon kwando da na ƙwallon gora, tunda ba a cika karɓarsu a na Turawa ba. Malami kuwa shi ne mai karanta wa wanda bai iya Turanci ba takarda, shi ne mai sulhunta miji da mata. A Japan ba a san taron ibada na mako-mako ga talakawa ba, an fi zuwa haikali don biki ko jana'iza. Amma a Amurka ranar Lahadi ce kaɗai ma'aikaci ke da hutu, saboda haka aka mayar da taro ranar Lahadi, aka kawo bencina a madadin tabarmi, aka tsara waƙoƙin yabo da Turanci domin yaran da harshen iyayensu ya fara kuɓuce musu. Har ma wasu rassan suka fara kiran kansu coci tun a wancan zamani.

Wani malami mai suna Yoshio Iwanaga shi ya yaɗa rawar bikin Obon a tsakanin waɗannan rassa, aka kuma yi ta a San Faransisko a 1931. Obon biki ne na tunawa da magabata da ake yi da bazara, inda ake rataya fitilun takarda, a kafa ganga a tsakiya, yaro da babba su kewaye ta suna rawa. A 1935 Sarkin Siyam, wato Tailan ta yau, ya ba ƙungiyar kyautar wasu ɓurɓushi da aka yi imanin na jikin Buddha ne, aka ajiye su a wata ƙaramar ƙubba bisa rufin sabon ginin titin Pine, wanda aka kammala a 1938. Jama'a suka ɗauka sun kafu ke nan. Ashe da sauran rina a kaba.

Ranar 7 ga Disamba, 1941, jiragen yaƙin Japan suka kai hari Pearl Harbor. Tun a ranar jami'an tsaron Amurka suka fara kama shugabannin Japanawa, malaman Buddha kuwa suna sahun gaba, domin an daɗe da rubuta sunayensu a matsayin mutane masu haɗari. Dalilin hukuma shi ne, hedkwatarsu tana Kiyoto, suna koyar da harshen abokan gaba, addininsu kuma ba na Amurka ba ne. Tsoro ya sa iyalai da dama suka ƙone wasiƙu da littattafan da ke da rubutun Japan. Ranar 19 ga Fabrairu, 1942, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9066, wanda a ƙarƙashinsa aka kwashe kimanin mutum 120,000 aka tsare, kusan kashi biyu cikin uku nasu haifaffun Amurka ne. Ba a gurfanar da su gaban wata kotu ba. An ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya ɗauka kawai. Sauran kaya fa? Waɗanda ba su sayar da nasu a wulaƙance ba, sai suka kai haikali, aka jibge akwatuna da kekunan ɗinki da gadaje, aka rufe ƙofa. A birnin Los Anjelis wani Bature malamin ɗariƙar, Julius Goldwater, shi ya yi gadin irin waɗannan wurare, yana kuma kai wa tsararrun saƙo a sansani. Wasu haikalin da ba su sami mai gadi ba, ɓarayi sun fasa su.

Mutanen San Faransisko an fara kai su filin sukuwa na Tanforan, inda wasu iyalai suka kwana a bargar dawaki, daga nan aka wuce da su sansanin Topaz a hamadar jihar Yuta, ɗaya daga cikin manyan sansanoni goma. Shugaban ƙungiyar, Ryotai Matsukage, yana cikinsu, don haka hedkwatar addinin ta koma bayan waya mai ƙaya. A sansanonin mutane suka riƙa tsintar guntayen katako suna ƙera ɗan akwatin ibada na gida, suna huda ƙwallon 'ya'yan itace suna yin carbi. An ruwaito cewa a wani sansani, da bikin haihuwar Buddha na watan Afrilu ya zo babu mutum-mutumin da za a yi wa wanka, sai aka sassaƙa shi da karas. A sansanin Manzanar, a 1943, aka gina hasumiyar tunawa da mamata a maƙabarta. Malamin Buddha Shinjo Nagatomi ne ya yi rubutun jikinta, maginin kuwa, Ryozo Kado, ɗan Katolika ne.

A Topaz ɗin ne, a 1944, wakilai suka zauna suka sake wa ƙungiyar suna daga Buddhist Mission of North America zuwa Buddhist Churches of America. Suka miƙa ragamar mulki ga 'ya'yansu masu takardar zama 'yan ƙasa, suka ƙara wa Turanci matsayi, suka sassauta igiyar da ta ɗaure su da Kiyoto. Tsohuwar alamar nan ta manji, wadda ta yi kama da tambarin 'yan Nazi ko da yake ta girme shi da ƙarnoni masu yawa, ita ma aka jingine ta aka ɗauki alamar ƙafar keke mai nuna koyarwar Buddha. Akwai masu ganin wannan duk miƙa wuya ne. A nawa ganin, wanda ke tsare ba shi da zaɓi mai yawa, kuma abin lura shi ne abin da suka ƙi saki. Sun san cewa wanda ya koma Kirista ya fi samun masu tsaya masa a waje, amma akasarinsu ba su koma ba. Riga suka sake, ba su taɓa aƙida ba. A daidai lokacin kuma 'ya'yansu suna mutuwa a fagen daga na Italiya da Faransa cikin runduna ta 442, alhali ɗan ƙarfen shaidar da soja ke ratayawa a wuya ba shi da harafin addinin Buddha. Sai bayan yaƙi, da ƙungiyar samari ta matsa, aka yarda a riƙa sa alamar addinin a kan kabarin soja.

Da aka rufe Topaz a ƙarshen Oktoba na 1945, masu komowa suka tarar unguwarsu ta cika da ma'aikatan da aikin ƙera jiragen ruwa ya jawo, gidajen haya sun tafi, gonaki da yawa sun salwanta. Haikalin nan dai su ne suka zama masauki: aka jera gadaje a azuzuwa da zauren taro, iyalai suka zauna watanni har suka sami abin yi. Sai a 1952 doka ta ba tsofaffin da aka haifa a Japan damar zama 'yan ƙasa, wasunsu bayan sun shafe shekara hamsin a Amurka. A 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar neman gafara, aka ba duk wanda ya rage da rai dala 20,000. Mafi yawan dattawan da suka fi tafka asara sun riga sun kwanta dama.

Zaman lafiya ya zo da tasa jarrabawar. Jikoki suka yi karatu suka watsu a unguwannin bayan gari, suka yi auratayya da wasu ƙabilu, yawan mambobi ya ragu. Ƙungiyar ta kafa cibiyar horar da malamai a Berkeley domin ta daina dogara ga waɗanda ake turowa daga Japan, kuma an sami malamai da dama da ba su da jinin Japan ko kaɗan. Rassa da yawa sun cire kalmar coci daga sunansu sun mayar da haikali, tunda abin da ya sa aka fake da ita ya kau, amma uwar ƙungiyar da reshen titin Pine sun riƙe ta. A 2022, ƙarƙashin jagorancin malami kuma masanin tarihi Duncan Ryuken Williams, aka kammala wani babban kundi mai suna Ireicho, wanda ya ƙunshi sunayen mutum 125,284 da aka tsare a lokacin yaƙin. Aka ajiye shi a gidan tarihin Japanawan Amurka da ke Los Anjelis, inda zuriyarsu suka riƙa zuwa suna neman sunan kaka ko na kawu, suna ɗiga ɗan hatimi mai shuɗin tawada a gefensa.