Daga ramzin malaman Sakkwato zuwa Typoman: tarihin wasa da haruffa

Mai karatu, ɗauki kalmar "kura", ka lanƙwasa kan harafin farko. Ta koma "ƙura". Da ƙugiya ɗaya dabbar da ke cin mutum ta zama abin da iska ke kwashewa. To, a kan irin wannan dabarar wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa a birnin Bonn na Jamus, Brainseed Factory, ya gina wasan bidiyo mai suna Typoman, wanda ya fito a 2015 a na'urar Wii U. Jikin jarumin wasan haruffa ne. Yana gudu, yana tsallake ramuka, yana tura haruffa. In ya juya NO ta koma ON, inji ya kunnu. A 2019 kuma Arvi Teikari, ɗan ƙasar Finland, ya fitar da Baba Is You, inda dokokin wasan kansu kalmomi ne da kake turawa ka sauya su.

Ka san wasan nan ya daɗe a ƙasarmu tun babu lantarki?

Fara da malamai. A ƙarni na 19, marubuta waƙoƙi na Daular Sakkwato, cikinsu har da Nana Asma'u, sukan rufe waƙa da ramzi: kalmar da in ka tara lissafin haruffanta za ta ba ka shekarar Hijira da aka yi waƙar. A lissafin Magariba da malamanmu ke bi, shin 1000 ne, ra kuwa 200. Shi ya sa ramzin waƙoƙin shekarun 1200 da wani abu kan ɗauki haruffan nan biyu. Tambuwal ma na cikin wannan tarihi, don Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya riƙe ribaɗin garin, shi ma marubucin waƙoƙi ne.

Sai na yara. In a Tambuwal ko Kebbe ka tashi, ka san kacici-kacici a farin wata, da karya harshe, da zaurance, inda ake juya gaɓoɓi "tuwo" ya koma "wotu" don kada manya su gane. A ilimin harshe wannan ba shirme ba ne: yaron da ya iya zaurance ya san inda gaɓa ke yankewa, ko da bai taɓa riƙe alli ba.

Boko ya zo da nasa. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, kuma a shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Amma an bar karin sauti da tsawon wasali ba alama. Shi ya sa "gari" na tuwo da "gari" na mutane suke fitowa iri ɗaya a takarda, haka "kuka" na miya da "kuka" na hawaye. Baki na rarrabe su, alƙalami bai yi.

Ga mai son gina irin Typoman da Hausa, wannan taska ce. Tsani guda na iya dogara da ƙugiya, wani kuma da sautin da ɗan wasa zai ji kafin ƙofa ta buɗe. Sai dai akwai matsala a hannunmu: yawancinmu a WhatsApp mun daina sa ƙugiya, "ƙafa" da "kafa" sun zama ɗaya. Yaron da ya taso a haka, dabarar kura da ƙura ba za ta yi masa ma'ana ba.

Don haka ka fara daga wayarka: ka sa allon rubutu na Hausa, Gboard na da shi. In kuma ka je gida, ka zauna da kaka ka ɗauki muryarta tana kacici-kacici da Sakkwatanci, ka rubuta yadda ta faɗa. Duk mai gina wasan nan gaba, daga irin wannan zai ɗebi kaya.