Gwanjon intanet: kuɗin da ke biyo bayan an sallama maka kaya

Gwanjon intanet kasuwa ce da ake ɗora kaya a shafi, a sa musu wa'adi, masu so su yi ta tayawa. Wanda tayinsa ya fi na kowa lokacin da wa'adin ya cika, shi ke da kaya. Mafi shahara shi ne eBay, wanda aka buɗe a Amurka a 1995, inda ake samun salula, kwamfuta, kayan gyaran mota da kayan sola. A ɓangaren motoci akwai Copart da IAA, su ma na Amurka, waɗanda yawancin abin da suke sayarwa motoci ne da suka yi haɗari, kamfanonin inshora suka biya masu su suka karɓe.

Ga mai saye daga Madawa, Buza ko Keita, farashin da aka sallama a kai somin-taɓi ne. Abin da ke biyo baya, wato la'ada, dako, duwan da kuɗin ajiya, yakan kai kuɗin kayan, wani lokaci ya zarce. Kuma tayi a gwanjo alkawari ne: in ka ci, sai ka biya. A eBay wanda ya ci ya ƙi biya ana sa masa alama a asusunsa, in abin ya yawaita a hana shi tayi.

Awon kwali, ba nauyi kaɗai ba

Masu dakon jirgin sama kamar DHL ba sikeli kawai suke dubawa ba, har da wurin da kwalin zai cinye. Ana auna tsawo, faɗi da tsayi da santimita, a ninka su, a raba da 5,000. Abin da ya fito a gwada shi da nauyin gaskiya, wanda ya fi yawa a kansa za a biya. Ɗauki kwalin famfon ban-ruwa mai aiki da sola, irin wanda manoman albasa na kwarin Tarka ke nema: 60 da 50 da 40. Lissafin ya ba da kilo 24. Ko da a sikeli kilo 9 ne, kuɗin kilo 24 za ka biya. Shi ya sa kafin tayi ake tambayar mai kaya awon kwalin bayan ya ɗaure, ba nauyin na'urar ba.

Kayan da ke da batirin litiyom, kamar salula da kwamfuta, suna da nasu ƙa'idojin hawa jirgi. Batiri shi kaɗai kuwa, wasu masu dako ba su karɓarsa sam, wasu sai da ƙarin kuɗi.

Da yawa daga masu sayarwa ba su aikowa Nijar. Sai mutum ya nemi kamfanin da zai ba shi adireshi a Amurka ko Faransa, ya karɓa masa ya turo. Dako ya zama biyu ke nan, kuma in kayan suka lalace bayan sun bar wancan adireshin, da wuya shafin gwanjon ya maida maka kuɗinka. A kula kuma wajen zaɓen ƙasa: a jerin sunaye Niger da Nigeria suna kusa da juna, yatsa na iya zamewa. A rubuta lambar waya da +227 a gabanta.

Duwan: nan ne lissafi ke kuɓuce wa mutane

Ma'aikatan duwan ba a kan farashin gwanjo kaɗai suke yanka haraji ba. Suna haɗa kuɗin kaya da na dako da na inshora, abin da takardu ke kira CAF. Ka ga ke nan duk jakar da ta ƙaru a dako, ita ma sai an biya mata haraji. Kuɗin duwan yana hawa-hawa gwargwadon irin kaya: kashi 0, 5, 10, 20 ko 35 cikin ɗari. Bayan shi sai TVA, kashi 19 cikin ɗari a Nijar, kuma ita ana ɗora ta ne a kan CAF haɗe da kuɗin duwan ɗin. Akwai ƙananan haraji a gefe, cikinsu har da kashi 0.5 da ƙasashen AES suka sanya a watan Maris na 2025 kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen.

Ga misali don a gane. An sallama maka kaya jaka 100, dako da inshora jaka 60. CAF ya zama jaka 160. In kayan na rukunin kashi 20 ne, duwan jaka 32. TVA a kan jaka 192 ta kama sefa 36,480. Jimla 228,480, ba a sa ƙananan harajin ba, ba a sa ladan tiransitar mai fitar da kaya ba, kuma kayan suna Yamai tukuna.

Wasu kan roƙi mai sayarwa ya rage farashi a takarda, ko ya rubuta wai kyauta ce. Dabarar ba ta da riba. Duwan na da ikon ƙin yarda da farashin da ya yi ƙasa da hankali su yi nasu ƙiyasin, ga tara a kai. In kuma kayan suka ɓace a hanya, abin da aka rubuta shi inshora za ta biya.

A duba haruffan da ke jikin farashi. FOB na nufin mai kaya ya ɗora maka a jirgin ruwa, sauran naka ne. CIF ko CAF ya kawo ka tashar jirgin ruwa kawai, Lome ko Kwatano, ba Nijar ba. DAP an kawo har wurin da aka ambata amma duwan a wuyanka. DDP ne kaɗai ya haɗa da duwan.

Mota

Ita ce ta fi cin mutane, don kuɗinta na fitowa ne kashi-kashi. Da an sallama, akwai la'adar gidan gwanjo, da ta dillalin da ya taya maka in gwanjon na masu lasisi ne. Ana ba da ƴan kwanaki a kwashe motar, daga nan kuɗin ajiya ya fara hawa kullum. Sai ɗaukar ta zuwa tashar jirgin ruwa, kuma Amurka ƙasa ce mai faɗi: motar da ke tsakiyar ƙasa, jan ta zuwa bakin teku kaɗai na iya cinye arhar da aka gani. Dokar Amurka ta ce a gabatar da takardar mallakar mota ga duwan ɗinsu aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita, don haka motar da takardarta ta makara tana zaune tana cin kuɗi. Wadda ba ta tashi kuma ba ta shiga jirgin da ake tuƙa motoci ciki da sauƙi, sai ƙarin kuɗi ko kwantena. Motocin gwanjon Japan kuwa sitiyarinsu a dama yake, mu nan a hagu.

Sai hanyar ƙasa. Nijar ba ta da teku, kuma shekara da shekaru Kwatano ce babbar ƙofarmu, ta gadar Malanbil da Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, amma gadar ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar. Kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, jiran ayari ya ƙara kwanaki, kuma kowace rana da kwantena ta wuce wa'adinta akwai kuɗin da kamfanin jirgi ke caja. Lissafin da wani ɗan uwa ya yi a 2022 ba ya aiki yau. Akwai kuma takardar bin sawun kaya, BSC, ta hukumar CNUT, wadda ya kamata a yi tun daga tashar da aka yi lodi.

Daga Yamai zuwa gida

Ƙananan kaya a Yamai suke sauka. Daga can zuwa Madawa kusan kilomita 500 ne a kan RN1, ta Doso, Dogonduci da Birnin Ƙonni, kuma galibi motocin safa irin su Rimbo da STM ake bai wa saƙo. Na Buza da Keita sai an ƙara wata motar. Ba kuɗi ne mai yawa ba in aka gwada da na baya, amma sai da wanda zai tsaya maka a Yamai ya karɓa, ya buɗe ya duba, ya sa a mota.

Canjin kuɗi ma na da nasa. Yuro a tsaye yake, sefa 655.957, amma dalar Amurka na hawa tana sauka, kuma banki na cire nasa a duk biyan da aka yi da kati.

Ƴan kasuwar da suka saba da harkar daga baya suke fara lissafi. Su tambayi nawa irin kayan suke a Ƙonni, Maraɗi ko Yamai. Su nemi mai dako da tiransitar kowa ya rubuto nasa kuɗin, da sunan garin da kaya za su sauka. Su cire wannan duka daga farashin gida, su ƙara cire wani abu na jinkiri. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinsu, kuma shi suke rubutawa a shafin tun kafin mintunan ƙarshe da tayi ke zafi.