Michael West da Dabarun Koyar da Turanci a Aji Mai Cunkoso

A wannan takarda muna so mu waiwayi aikin wani malami Bature, watau Michael West (1888 zuwa 1973), domin dabarun da ya ƙirƙiro an gina su ne don irin ajin da yawancinmu muka sani: yara da yawa, littattafai kaɗan, malami kuwa Turanci ba harshensa ba ne.

West ya isa ƙasar Indiya a 1912, daga baya ya zama shugaban kwalejin horon malamai ta Dakka, birnin da yanzu shi ne hedkwatar Bangaladash. Abin da ya fi damunsa a lardin Bengal shi ne yawancin yara sukan bar makaranta tun karatu bai yi nisa ba. A zamanin, hanyar koyarwa ta kai-tsaye ce ake yayi, wadda ke cewa a fara da magana, a jinkirta karatu da rubutu. West ya ga yaron da ya fita bayan shekara biyu ko uku ba ya tafiya da kome sai 'yan gaishe-gaishe, su ma ba su daɗewa sai su zube. Saboda haka a littafinsa na 1926 a kan zama da harshe biyu a Bengal ya kawo shawarar a fara da karatu, domin shi ne guzurin da yaro zai iya ci gaba da amfani da shi ko babu malami. Manufarsa ita ce kowace shekara ta makaranta ta zama da ribarta, ko da ita ce ta ƙarshe ga ɗalibi.

To, amma littattafan da ya tarar ba su karantuwa. An cika su da kalmomin adabi na tsohon yayi, kuma sababbin kalmomi na zuwa a cunkushe, har yaro ya yi tuntuɓe sau biyu ko uku a layi guda. Gyara biyu ya yi. Ya musanya baƙuwar kalma da wadda aka saba ji, alal misali ya cire isle ya sa island. Sa'an nan ya baza sababbin kalmomi cikin labari mai tsawo, yana maimaita kowace ɗaya har ta zauna kafin wata ta shigo. Daga nan aka sami jerin littattafan New Method Readers, waɗanda kamfanin Longmans ya soma bugawa wajen ƙarshen shekarun 1920, suka bazu a ƙasashen da Ingila ke mulka, har da na Afirka. A 1935 shi da James Endicott suka fitar da ƙamus wanda aka bayyana ma'anonin cikinsa duka da kalmomi 1,490 kacal, a 1953 kuma ya fitar da jerin kalmomin Turanci kimanin 2,000 da suka fi amfani ga mai koyo.

A ganinmu, dabarunsa na cikin aji sun fi littattafan muhimmanci. Yakan ba yara tambayoyi kafin su fara karatu, don su karanta a zuci suna neman amsa, maimakon bin layi da baki ba tare da fahimta ba. Akwai kuma dabarar karanta ka ɗaga kai: yaro ya dubi gajeriyar jimla, ya riƙe ta a ka, ya ɗaga ido daga littafi, ya faɗa wa na kusa da shi kamar zance yake yi. Wannan ɗan tsaikon tsakanin gani da faɗa shi ke tilasta wa ƙwaƙwalwa riƙe ma'ana. Lissafin abin ma a fili yake. Darasin minti arba'in a ajin yara hamsin, in ɗaya bayan ɗaya za su yi magana, kowa bai sami minti guda ba, ko da malam bai ce uffan ba. In kuwa aka haɗa su bibbiyu, duk ajin na aiki a lokaci guda.

Ba mu ce hanyar ba ta da aibi ba. Masu ra'ayin fara koyarwa da baki, irin su Harold Palmer da A. S. Hornby, su suka yi rinjaye daga baya, kuma suna da hujja, domin mai karatu kaɗai yakan fita da lafazi maras kyau. Sauƙaƙa labari kuma wani lokaci yakan tsotse masa armashi.

Duk da haka, a 1960, bayan ya daɗe da barin Indiya, West ya wallafa littafi musamman a kan koyar da Turanci cikin mawuyacin hali, inda ya siffanta aji mai yara fiye da talatin, a matse kan benci, cikin zafi. Shekara goma sha shida bayan haka, a 1976, Nijeriya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, azuzuwanmu suka cika suka batse, aka ɗebo malamai da gajeren horo aka danƙa musu alli.