Daga Fassara Zuwa Nazari: Ibrahim Yaro Yahaya da Za'ba na Malaya

Malamai da yawa sun ɗauki fassara aikin almajiri ne. Tarihin Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, mutumin Kano, ya ƙaryata wannan zato. A 1971 aka buga Daren Sha Biyu, watau wasan Shakespeare da ya mayar Hausa. Cikin wannan lokaci kuma ya tsara Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, domin makarantu. Sai a 1988, yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya fito da Hausa a Rubuce, inda ya bi sawun rubutun Hausa tun daga ajami har boko.

Can ƙasar Malaya ma haka al'amarin ya gudana. Su ma da ajaminsu, wanda suke kira Jawi, kafin Turawa su kawo boko. A 1924 aka kafa ofishin fassara a kwalejin horon malamai ta Tanjung Malim, 'yan shekaru kafin Hukumar Fassara ta Katsina. Babban mai fassararsa, Za'ba, shi ya tsara nahawun Malayanci, daga baya ya shugabanci sashen nazarin harshen a Jami'ar Malaya.

Dalilin dacewar nan a fili yake. Mai fassara tilas ya auna kowace kalma ta harshensa kafin ya ɗora mata nauyin baƙuwar magana, daga nan nazari ke tsirowa. Kwalejin da ta yar da darasin fassara, ta toshe rijiyar da manazarta ke sha.

Malam Ibrahim ya rasu a 1995. Allah ya jiƙansa.