Daren da Muka Tuno T.T. a Zangon Kumasi

Ranar 8 ga Afrilu 2022 aka sanar da rasuwar Psalm Adjeteyfio, wanda duk Ghana ta sani da T.T. na wasan Taxi Driver. A daren na ajiye batun da na shirya wa shirina, na ce wa masu sauraro kowa ya kira ya faɗi abin da ya tuna. Har lokaci ya ƙare waya ba ta huta ba.

Wani dattijo daga Aboabo ne ya fara yi mini gyara. Ya ce, "Ɗana, ku yaran jiya ne. Mu Osofo Dadzie muka kalla." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." A 1965 aka buɗe talabijin a Ghana, tasha ɗaya tak ta GBC, a farkon shekarun 1970 kuma Osofo Dadzie ya fara, da harshen Akan, Super OD yana kashe mutane da dariya. Bayansa Obra ya zo da Grace Omaboe, wato Maame Dokono, da David Dontoh. Dattijon ya ce a layinsu gida ɗaya ne ke da akwatin talabijin, marar launi, yara su cika tsakar gida, manya a kan benci. Bahaushen Zango da Tiwi ya tashi a kasuwa, don haka ba wanda ya nemi tafinta.

Mu da muka yi wayo a ƙarshen shekarun 1990 mun tarar da TV3 da Metro TV sun shigo a 1997, amma har lokacin unguwa guda wasa guda take kallo. T.T. direban tasi ne mai tumbi da surutu, irin wanda za ka shiga motarsa a Kejetia ka sauka da labarin da ba ka tambaya ba. Shi ya sa iyayenmu ba su hana mu shi ba: a cikinsa suna ganin maƙwabcinsu.

Wanda aka hana mu shi ne Things We Do for Love na Ivan Quashigah. Nan hirar daren ta sauya. Wata Hajiya daga Asawase ta kira tana dariya, ta ce tana 'yar sakandare ba ta da buri sai Pusher, wato Adjetey Anang, har ta rubuta sunansa a bayan littafin lissafi, yayanta ya gani ya kai wa mahaifiyarsu. Ta roƙe ni kada in faɗi sunanta, wai maigida yana sauraro. Ni ma sai na tona kaina. Jackie Appiah ce tawa, lokacin da ta fito a matsayin Enyonam a 2001. Ina firamare, amma na yanke wa kaina hukuncin zuwa Ankara in aure ta. Ranar da na tsallake karatun dare saboda ita, malam ya riga ni isa gida.

A gefe guda kaset ɗin Kano suna shigowa Zango, Sangaya da Wasila da barkwancin Ibro, kuma samari da yawa Fati Mohammed suka sa a rai. Wannan so ba a cika ɓoye shi ba, domin ita ta yi kama da 'yan uwanmu. Na Enyonam kuwa sai a ƙarƙashin filo.

Abu biyu suka hana ni barci bayan shirin. A 2021, T.T. da ya cika mana gida da dariya ya fito yana neman taimakon kuɗin haya, har Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya aika masa da sidi 50,000. Mutane suka yi ta yi masa ba'a, wasunsu da wasansa suka girma. Na biyu, gobarar da ta tashi a GBC a 1989 ta cinye ɗimbin tsofaffin faifan gidan. Da dattijon Aboabo ya nemi in sa masa muryar Super OD ta wancan zamanin, ba ni da abin da zan sa. Sai na ce ya kwaikwaya mana da kansa. Ya yi, muryarsa tana rawa, na naɗa, yana nan a kwamfutata.