Daren da Muka Kwana a Bakin Titi

Tafiyar farko da ƙungiyarmu ta yi, ta sarin banda ce a Doron Baga. Mu tara muka bar Kano da asuba, kuɗin adashen mata talatin na cikin lalitar ma'aji. Muna wuce Wudil taya ta fashe. Kafin Azare kuma injin ya ɗau zafi, direba ya ce sai gobe. To, ina za mu? Muka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, muka dama fura. Sauro kam ba a magana. Ma'aji ta kasa runtsawa don tsoron ɓarayi, sai muka kasa kuɗin gida uku, mata uku suka ƙulle a bakin zani. Asalin dokarmu ta masu riƙon kuɗi uku ke nan. Sai azahar washegari muka shiga Potiskum.