Sojoji 600 a Bakin Tangaran 151: Tarihin da Ke Gindin Faranti

A shekarar 1717 sarakuna biyu na ƙasar Jamus suka ƙulla wani ciniki da har yau ake ba da labarinsa. Augustus, mai mulkin Saxony kuma sarkin Poland, ya miƙa wa sarkin Prussia sojojin doki 600, shi kuma ya karɓi kayan tangaran na ƙasar Sin guda 151. Mutane da ransu da lafiyarsu aka bayar a bakin tuluna da kwanuka. Wasu daga cikin tulunan nan masu zanen shuɗi suna nan a gidan tarihi na birnin Dresden. Wanda ya san wannan labari ba zai yi mamaki ba in ya ga masu sayen tsofaffin farantai a kasuwar Portobello ta Landan ranar Asabar, kowa ya ɗauki faranti sai ya kife shi ya ƙura wa gindinsa ido kafin ma ya dubi zanen.

Abin da ya sa tangaran ya yi wannan daraja shi ne Turawa sun shafe ƙarnoni suna saye ba su san yadda ake yin sa ba. Maginan birnin Jingdezhen na ƙasar Sin suna haɗa wani farin yumɓu da garin wani dutse, su gasa a wuta mai zafin da ya kai digiri 1,300, har ya narke ya zama jiki ɗaya: fari fat, ba ya shan ruwa, haske na ratsa shi. Jiragen ruwa suka yi ta jigilarsa zuwa Turai. Jirgin Geldermalsen na wani kamfanin ƙasar Holan, wanda ya nitse a 1752, da aka tsamo kayansa aka yi gwanjonsu a Amsterdam a 1986, tangaran wajen 150,000 aka samu a cikinsa. Jirgi ɗaya ke nan.

Wanda ya tono asirin a Turai da farko ɗan cika-baki ne. Johann Friedrich Böttger yaron mai haɗa magunguna ne a Berlin da ya yi ta baza cewa yana iya mayar da ƙarfe zinariya. Da sarkin Prussia ya nemi a kawo shi, sai ya tsere zuwa Saxony a 1701, ya gudu daga ruwa ya faɗa wuta, don Augustus ma yana bukatar zinariya, ya kama shi ya tsare. Zinariya dai ba ta samu ba. Amma an haɗa shi da wani masani, Ehrenfried Walther von Tschirnhaus, wanda ya daɗe yana gwajin narka ƙasa da dutse, kuma a 1708 suka fitar da farin tangaran na gaske. Tschirnhaus ya mutu a shekarar, Böttger ya kwashe sunan. A 1710 Augustus ya kafa masana'anta a gidan sarauta na Albrechtsburg da ke garin Meissen, inda ma'aikata ke aiki kusan a tsare don kada maganar ta fita.

Ta fita kuwa. A 1719, shekarar da Böttger ya mutu yana ɗan shekara 37, wani ma'aikaci mai suna Samuel Stölzel ya sulale zuwa Vienna da asirin a kansa. Daga nan masu kwaikwayo suka yi yawa, sai Meissen ta fara sa wa kayanta alama tun wajen 1722: takubba biyu masu gilma juna, da aka ɗauko daga tambarin sarautar Saxony, ana zana su da hannu da shuɗin launi kafin a shafa ruwan ƙyalli a gasa. Har gobe da hannu ake zana su. Wato ita wannan alama ta gindin farantin Meissen tsoron jabu ne ya haife ta.

To a cikin irin waɗannan tsofaffin farantai, me ya sa na kayan zaƙi ke jan hankalin masu tarawa? A walimar manyan Turai ta ƙarni na 18, in an gama da nama sai a kwashe teburi a shimfiɗa sabon jere na 'ya'yan itace da alewa da kayan sanyi. Nan mai gida ke nuna arzikinsa. A da, mutum-mutumin sukari ake ƙerawa a ƙawata teburin. Da tangaran ya samu sai ya maye gurbinsu. Shi wannan faranti ba ya haɗuwa da miya mai zafi ko kaifin wuƙar yankan nama, saboda haka masu zane suka saki hannu a kansa: furanni, tsuntsaye, ruwan zinariya, wani ma a huhhuda gefensa kamar saƙar kwando. Ƙarami ne, faɗinsa bai cika wuce santimita 20 zuwa 23 ba, ga sauƙin ratayewa a bango. Kuma da yake ba kullum ake fito da shi ba, ya fi 'yan'uwansa tsawon rai.

Mafi shahara cikin jeren Meissen shi ne wanda Johann Joachim Kändler ya tsara wa waziri Heinrich von Brühl tsakanin 1737 da 1742, mai siffofin tsuntsayen ruwa da aka fito da su daga jikin farantin kansa. Ya haura guda 2,200. Yana hannun zuriyar Brühl har 1945, lokacin da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa shi, wasu suka farfashe, wasu suka bazu gidajen tarihi da hannun attajirai. Da yawa daga cikin manyan jere haka suka ƙare, shi ya sa mai saye a yau yakan samu faranti shida ko huɗu ko tilo, ba cikakken jere ba.

Faransa ta samu nata farin yumɓun a Saint-Yrieix a 1768, abin da ya ɗaga birnin Limoges a harkar tangaran. A Ingila kuwa, gidan Spode da ke Stoke-on-Trent ya daidaita haɗin da ake zuba wa tokar ƙashin shanu a shekarun 1790, ya fito da tangaran mai ƙarfi, mai ɗan farin madara, wanda masu matsakaicin hali za su iya saye.

Sai dokar ciniki ta shigo ta taimaki mai saye ba da niyya ba. Dokar harajin McKinley ta Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya. Don haka farantin da ke ɗauke da "England" a gindi akasari bai girmi 1891 ba. Kayan Japan sun riƙa ɗaukar "Nippon" daga 1891 zuwa 1921, sannan aka koma "Japan", masu "Occupied Japan" kuwa na shekarun mamayar Amurka ne, wadda ta ƙare a 1952. Tunda dillalai ba sa kiran abu tsohon tarihi sai ya cika shekara 100, waɗannan 'yan kalmomi su ke raba farashi.

Sai dai alama ita ce abu mafi sauƙin sata. Gidan Samson na Paris, da aka kafa a 1845, ya shahara wajen kwaikwayon Meissen da kayan Sin, kuma kwaikwayonsa ya tsufa har shi ma yanzu tara shi ake yi. Su kansu maginan Sin sukan rubuta sunan sarkin da ya shuɗe da daɗewa a gindin sabon kwano, don girmama aikin magabata. A ganina wanda ya sayi faranti saboda takubba biyu kaɗai, tambari ya saya, ba faranti ba.

Ƙwararru sukan haɗa da wasu gwaje-gwaje. Su ɗaga farantin a gaban fitila su ga ko inuwar yatsu na fitowa ta baya. Su ɗora shi a kan yatsu su ƙwanƙwasa gefensa: mai lafiya yakan yi ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa sai ya yi ƙwas ya mutu. Su bi gefen da yatsa don jin inda aka like ɓalli, su duba zanen da gilashin ƙara girma, domin aikin hannu na nuna sawun burushi, na inji kuma ɗige-ɗige. Kan takubban Meissen ma akwai abin lura: in ka ji ƙarce ya ratsa su, masana'antar ce ta nuna kayan ba na sahun farko ba ne, kuɗinsa ya ragu.

Mu ma nan kabet ɗin iyayenmu mata bai rasa tangaran na jere da aka ajiye shekaru ba a ci abinci a ciki ba. Yawancinsu kayan inji ne na ƙarnin da ya wuce, ba za su sayi soja ko ɗaya ba. Duk da haka, kafin a ba mai gwangwan ko a bar wa yara, a kife a karanta abin da ke gindi. In kuma tsoho ne mai launi a saman ƙyalli, a bar shi ado: wasu tsofaffin launuka na ɗauke da dalma, kuma abinci mai tsami na iya fito da ita.